Yaya mai zane zai gane abin da hannunsa ke yawan komawa kansa?

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina da littattafan zane huɗu da suka cika, duk da fensir. An ce in zaɓi jigo ɗaya in yi zane goma a kansa, da na buɗe su sai na ga tarkace: dawaki, Keke Napep, fuskoki, gadar Kogin Kaduna. Ta yaya ake gane ainihin abin da mutum ya fi komawa kansa? Ko in ɗauki wanda ya fi yawa kawai?

Malamin zane, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ƙirgan yana da amfani, amma shi ne matakin farko kawai. Kada ka yage shafi. Ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka cire duk wanda aka sa ka yi a makaranta ko aka biya ka, domin wannan zaɓin wani ne. Sauran ka kasa su: mutane, dabbobi, gine-gine, ababen hawa, kayan aiki.

Sai ka koma kan takardar kanta da rana, kusa da taga. Duba inda fensir ya yi duhu, inda kilina ta cinye takarda har ta yi gashi-gashi, da inda ka ƙarasa aiki alhali sauran shafin layi biyu ne. Juya shafin ka shafa bayansa da yatsa, za ka ji tudun inda ka danna. Nan ne hankalinka ya zauna.

A ce kana da doki goma sha biyar, amma ƙafafunsu duk sanduna ne, kofato ma babu, sai ga rawanin mahayi da alkyabbarsa da adon linzami an bi su dalla-dalla. To, wannan ba mai zanen doki ba ne, mai zanen yadi da ado ne. Gara ya zauna wurin teloli a Kasuwar Barci da ya jira hawan Sallah. Mai son doki da gaske a gaɓoɓi ake gane shi: gwiwa, kafaɗa, lanƙwasar wuya.

Mai zane, Barnawa:
Malam ya yi bayani, sai dai a yi hattara, maimaici ba kullum so ba ne, wani lokaci sabo ne. Yawancin masu rubutu da dama idan za su zana fuska ta gefe, hagu take kallo, don hannu ya fi sauƙin bin wannan lanƙwasa. Haka mai tsoron zana yatsu, mutanensa kullum hannu a aljihu ko a ƙarƙashin mayafi.

Ɗan'uwa, gwada haka. Zaɓi abu ɗaya ka zana shi sau uku: da biro cikin minti 2 ba gogewa, da gawayi cikin minti 20, sannan ta baya ko daga sama. In a na ukun kana gano abin da ba ka taɓa lura da shi ba, ka riƙe shi. In hamma ta kama ka, sabo ne. Ka kuma leƙa gefen littattafan darasinka na dā, zanen da ake yi ana sauraron malami ba ya ƙarya.

Mai zayyana, Kawo:
Ba lallai jigo ya zama abu mai suna ba. Yana iya zama inuwa, ko layi, ko cunkoso. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zaria Art Society a 1958 sun koma ga abin gida ne, ɗaya daga cikinsu, Uche Okeke, ya ɗauki uli, zanen jiki da bango na gargajiyar ƙasar Ibo, ya gina salonsa a kai. Mu ma muna da dagi, da aska takwas ta babbar riga, da zankwaye da zanen bangon gidajen birnin Zariya. Wanda yake kauce wa zanen abu mai rai saboda addini, waɗannan sun ishe shi aikin shekaru.

Mai tambaya, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Na shafa bayan shafukan kamar yadda Malam ya ce. Abin mamaki, tayoyi da ƙarafa ne suka fi tudu, har a zanen gadar.

Malamin zane, Unguwar Rimi:
To ka nufi Panteka, kasuwar ƙarafa da kayan injuna ta Kaduna, da ƙaramin littafi mai shiga aljihu. Fensir mai lamba HB don shata, 2B mai ɗan duhu don jiki, 6B mai duhu sosai don inuwar ƙarƙashin inji. Ka sani 6B yana shafar shafin da ke fuskantarsa, sai ka sa farar takarda a tsakani. Taya idan an kalle ta daga gefe-gefe ba da'ira ba ce, siffar ƙwai take ɗauka, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a yi mata tsini a sama da ƙasa. Fara zana murabba'in da ya karkace, sannan ka zagaya tayar a cikinsa. Kowane shafi ka sa kwanan wata da wuri da mintocin da ka ɗauka, bayan kwana 30 ka sake ƙirgawa. Ka gaida mai rumfa ka nemi izini kafin ka zauna, kuma kada ka buɗe littafi kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro.