Lambun hutawa don masu jinya a unguwa: wa ya taɓa gwadawa?

Mai tambaya, Zariya: Assalamu alaikum. Ƙungiyar unguwarmu ta samu wani kango a bayan masallaci. Muna so mu mai da shi wurin da masu jinya da tsofaffi za su riƙa shan iska, su ja carbi, hankalinsu ya kwanta. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan, don Allah ya ba mu labari.

Nas mai ritaya: Wa alaikumus salam. Ɗana, kun ɗauko alheri. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya wallafa bincike a mujallar Science kan mutum 46 da aka yi wa tiyatar maɗaciya a wani asibiti a Amurka. Waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga waɗanda ke kallon bango komawa gida, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi da yawa ba.

Mu da muka yi namu lambun, tsakuwa muka zuba a hanya don ta yi kyau. Ranar farko wani yaro ya turo mahaifinsa mai shanyewar ɓarin jiki a keken marasa lafiya, keken ya kafe tun daga ƙofa. Tsohon bai ce uffan ba, sai kallon inuwar yake daga nesa. Har yau abin yana ci mini rai. Ku shafe hanya da siminti, faɗinta ya kai mita 1.5, kada ku sa matakala ko ɗaya.

Mai lambu, Wudil: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni kuma na ce inuwa kafin fure, don a zafin bazara ba mai zama ya kalli fure. Darbejiya tana saurin tashi, amma ku nisanta ta da katanga saboda saiwa. Tsamiya kuwa ta jikoki ce. Kafin su girma ku kafa rumfar zana. Ku dasa da faɗuwar damina, ku kewaye kowane dashe, don awaki sun taɓa cinye mini zogale kaf a dare ɗaya. Ruwan rani kuma, ku binne tulun ƙasa har wuya a gindin shuka, ku cika, ku rufe bakinsa, zai riƙa tsatsafowa a hankali. Ban da cini-da-zugu, yara na cin 'ya'yansa, alhali guba ne. Tumfafiya ma ku tuge ta, ƙaronta yana illa ga ido.

Wata uwa: Bayan rasuwar ɗiyata na yi watanni ba na son ganin kowa. Maƙwabciyata ce ta ja ni wani ɗan lambu, ta miƙa mini buta ta ce in ba ɗoɗɗoya ruwa. Kullum bayan la'asar sai in je, in murza ganyen in shinshina, in zauna kusa da lalle mai fure. A nan na fara iya kuka. Malam, ku ware wa mata lokacinsu, ku sa benci ɗaya a lungu inda mutum zai juya wa jama'a baya. Kuma ku bar wa mai zuwa ɗan aikin da zai yi da hannunsa.

Nas mai ritaya: Allah ya jiƙanta, 'yar'uwa. Na manta: kada ku yi kududdufi, sauro za ku tara wa marasa lafiya.

Mai tambaya: Amin. Allah ya saka da alheri. Baba mai lambu, tulu nawa za mu nema wa darbejiya shida?