Muhawara: Wasa a darasin karatu taimako ne ga yaro ko ɓata lokaci?

Tsohon malami: Ni dai ra'ayina bai sauya ba: yaron da aka bari a baya a karatu ba shi da lokacin waƙa da tafi, maimaici yake buƙata. Rahoton da kwamitin nazarin karatu na Amurka ya fitar a 2000 ya nuna cewa koyar da sautin haruffa bi da bi, bisa tsari, yana da tasiri ƙwarai, kuma wannan aiki ne na naci, ba na nishaɗi ba.

Malamar aji biyu: Baba, ban musa rahoton ba, amma bai ce sai an ɗaure fuska ake koyar da sautin ba. Ina da wata yarinya da duk inda ta ga "dara" sai ta ce "bara", kuma da zarar layin karatu ya kusa zuwa kanta sai ta nemi izinin fita. Na daina tsayar da ita a gaban aji, na yanka kwali na rubuta gaɓoɓi irin su ba, da, ra, ta riƙa harhaɗa su tana gasa da ƙawarta. Maimaicin da kuke so shi take yi, sai dai yanzu ita ce ke roƙon a ƙara.

Wani uba: Malama, ku gafarce ni, ina bayan Baba a wani ɓangaren. An ba ɗana littafi mai hotuna masu kyau, yana ta zuba kamar ya iya, har na fara alfahari. Ranar da na rufe hoton da tafin hannuna sai ya yi tsuru-tsuru. Ashe canka yake yi.

Malamar aji biyu: Gaskiyarku ne, Malam, kuma irin wannan jin daɗin ne ya kamata a guje wa. Gwajin karatun da Ingila ta fara yi wa 'yan shekara shida a 2012 yana da kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, domin a gane wanda ke haɗa sauti da wanda ya haddace siffar kalma. Duk wasan da ke ɗauke idon yaro daga kan harafi ban yarda da shi ba.

Malamin tarbiyya: Akwai abin da Keith Stanovich, wani masanin ilimin halayyar ɗan'adam, ya bayyana a 1986, cewa mai iya karatu yana ƙara karantawa yana ƙara gogewa, wanda ya gaza kuwa gudun littafi yake yi, tazarar tana faɗaɗa. Saboda haka, Baba, yaron da ya tsani darasi ba zai yi nacin da kuke nema ba.

Tsohon malami: Na ji, wasan kwalin Malama ba shi da aibi. Amma ta faɗa mana yadda za ta yi shi a ajin da yara suka cika maƙil, ba tare da masu ƙoƙari sun cinye wasan sun bar waccan yarinya tana kallo ba.