Gidan haya a Kano, fili a Maraɗi, ko na Dubai?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina aiki a Jidda, na ɗan tara riyal. Gidan haya zan saya a Kano, ko in bi surukina mu sayi fili a Maraɗi? Ga kuma masu tallar gidajen Dubai da ake biya kaɗan-kaɗan. In kuɗin bai kai ba, wane banki ne zai cika mini ba da ruwa ba?

Abu Sadik: Wa'alaikumussalam. Kano mana. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Alhaji Mai Canji: Ƙanena, da kuɗin da ake biyanka za ka yi lissafi. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a banki, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi gida kafin nan, ko da kuɗinsa ya ninka a naira, a riyal ya faɗi. Ka ɗauka gidan miliyan 40 ne, haya miliyan 2 a shekara: kashi 5 ke nan, ba a cire gyara da la'adar dillali ba. Sefa kuwa da yuro aka ɗaure ta, 655.957.

Maman Iman: Yaya, don Allah ka saurare ni. Daga Ingila na tura kuɗi aka saya mini fuloti biyu a bayan garin Kano. Ɗan'uwana ne ya tsaya, aka turo mini hoton takardar ciniki da hatimin mai unguwa da shaidu, har da bidiyon fili. Na ce a kewaye, aka zuba bulo. Rannan sai ga wani ya taso da takardarsa, wai shi aka fara sayar wa. Ashe gonar gado ce, ba a raba ba, wa ya sayar, ƙane ma ya sayar. Muka je gaban dagaci, daga nan kotu, kullum ɗage zama, kullum a turo kuɗin lauya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zumunci, don yanzu gaisuwa kawai ke tsakanina da wanda ya tsaya mini. Ko Kano ko Maraɗi, kada ka bar ɗan'uwa ya zama shi ne dillali, shi ne shaida, shi ne mai riƙon takarda. Ka ɗauki lauyanka da ba ya jin kunyar kowa a gidanku.

Abu Sadik: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Hajiya.

Barista Sani: Abin da ya sami Hajiya kullum muna gani. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna. C of O, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, yawanci shekara 99 ce, kuma sayar da gida mai ita sai da amincewar gwamna. Kafin sisi ya fita, a bincika fayil a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, a kai safiyo ya duba iyaka. In gado ne, a ga takardar rabon gado daga kotu.

Ɗan Fagge: Barista, waɗanda aka yi wa rusau a Filin Idi a 2023 ba su da takardu ne?

Abu Sadik: Filin masallaci wa ya ce a yanka tun farko?

Shugaban Zaure: Siyasa a waje, jama'a.

Badamagare: Ku zo Nijar ku huta, Kanawa, dama bayinmu ne ku, za mu ba ku masauki.

Ɗan Fagge: Wa ya ga bawa da Kantin Kwari? 😂

Badamagare: To, maganar gaskiya, Baban Khalifa. A wajenmu yawancin filayen da aka yanka da takardar magajin gari ake cinikinsu. Ka matsa har ka samu titre foncier, wato cikakkiyar takardar mallakar fili, da sunanka, banda sunan suruki. Kuma ka tuna Najeriya ta rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba ta buɗe ba sai Maris 2024, sannan Nijar ta bar ECOWAS a Janairun 2025. Fili kuma ba ya kawo haya.

Malam Auwal: An manta batun banki. Jaiz da TAJ da Lotus ba sa harkar ruwa. Ta ijara suke yi: su saya, kana biyan haya har ya zama naka. Amma sai gida mai cikakkun takardu, kuma za ka ajiye kasonka tukuna. Bashin asusun gidaje na tarayya kashi 6 ne, sai dai ruwa ne ƙarara.

Ɗan Fagge: Malam, in ka haɗa abin da za ka biya, da ruwan da ribar duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Malam Auwal: A'a. Allah ya halatta ciniki, ya haramta riba. Tsada daban, haramci daban.

Alhaji Mai Canji: Dubai kuwa, kashi 4 na rajista yana nan, ga kuɗin kula da gini duk shekara. Bizar zinare, wato ta dogon zama, sai gidan dirhami miliyan 2. In ba a gama ginin ba, kuɗinka ya shiga asusun amana na aikin, kada ka tura wa ɗan talla.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. Barista, zan biyo ka ta gefe. Surukin nawa ne ban san yadda zan faɗa masa ba.

Maman Iman: Ka ce masa lauya ne ya hana.

Ɗan Fagge: Wai nawa buhun siminti yau a Kano?