An kira ni gaban kwamitin ladabtarwa

Ɗalibi daga Bauchi:
Salama 'yan uwa. An ce na yi satar amsa saboda wata takarda da aka tsinta a ƙarƙashin bencina. Wallahi ba tawa ba ce. Laraba zan je gaban kwamiti, ko Baba bai sani ba. Ya zan yi?

Yaya Babba:
Ƙanena, faɗa wa Baba yau. Nemi a gwada rubutun takardar da naka. Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba.

Wata malama:
Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka haƙƙin a saurare ka. In an kore ka, rubuta ɗaukaka ƙara ga majalisar gudanarwar jami'a kafin wa'adi ya cika.

Ɗan Gombe:
Nemi wanda ya zauna kusa da kai ya ba da shaida. Allah ya fid da kai.