Muhawara: Shin An Kumbura Yawan Mutanen Arewa a Ƙidayar 2006?

Malamin Azare: Assalamu alaikum. Wani abokin aikina ya dage cewa alƙaluman ƙidayar 2006 na bogi ne, wai ba ta yiwuwa jihar Kano ta sami mutum miliyan 9.4 alhali Legas tana da miliyan 9.1, tunda a cewarsa bakin teku ne matattarar jama'a a Afirka ta Yamma. Ban gamsu ba, sai dai ina so in ji ta bakinku.

Injiniya daga Gombe: Malam, kada mu yi saurin watsi da maganarsa. Gwamnatin Legas ta ƙi amincewa da adadin, ta ce mutanenta sun haura miliyan 17, kuma a 2013 shugaban Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, Festus Odimegwu, ya fito fili ya soki sahihancin ƙidayoyin ƙasar nan, bai daɗe ba ya bar kujerar. An soke ƙidayar 1962, an soke ta 1973. Muddin yawan jama'a yana cikin ma'aunin rabon kuɗin asusun tarayya da kujerun Majalisar Wakilai, kowane ɓangare yana da dalilin ƙara gishiri, har da mu.

Hajiya, unguwarzoma a Bauchi: Injiniya, ka zo ɗakin haihuwa ka kwana ɗaya, sannan mu yi magana. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mace a jihar Bauchi tana haihuwar kimanin 'ya'ya 7 a rayuwarta, ta Legas kuwa ba ta kai 4 ba. Katin awon da nake cikewa kullum shaida ne, domin ba abin mamaki ba ne in rubuta ciki na 9 ga matar da ba ta cika shekara 40 ba.

Dattijon Misau: Ni na yi aikin malamin ƙidaya a 2006, kuma abin da na gani ya sha bamban da zaton 'yan Kudu. Akwai gidan da muka tsaya a zaure, maigida ya ƙirga mana maza, da aka zo kan matansa da 'yan matan gidan sai ya ɗaure fuska, har sai da mai unguwa ya sa baki kafin aka bar abokiyar aikina ta shiga ta sa su dangwala yatsa. Wasu rugagen kuwa mun tarar an tashi an bi shanu. Ban ce ba a yi aringizo a wani wuri ba, amma a inda na yi aiki tsallake mutane ya fi yawa.

Malamin Azare: Baba, Allah ya ƙara girma. Batun bakin teku ma ai Nijar ta isa amsa: ƙidayarsu ta 2012 ta ba da miliyan 17, kuma jihohin Damagaram da Maraɗi, maƙwabtan Katsina da Jigawa, su ne kan gaba a yawan jama'a, alhali babu Legas ɗin da suke takara da ita.

Injiniya daga Gombe: Na karɓi wannan. Sai dai, Hajiya, yawan haihuwa saurin ƙaruwa yake nunawa, ba ya tabbatar da adadin da aka fara da shi, kuma kin fi ni sanin yaran da ke rasuwa kafin shekara 5 da samarin da ci-rani ke kwashewa zuwa Kudu. Miliyan 200 da wani abu da muke ambata yau hasashe ne da aka ɗora a kan miliyan 140 na 2006, tunda ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta.

Hajiya, unguwarzoma a Bauchi: Ɗan ci-rani dai iyalinsa suna nan gida, Injiniya, kuma a wurinmu matarsa take haihuwa. Idan an tashi sabuwar ƙidayar, a ɗauki mata da yawa aikin shiga gidaje, sannan a dawo mu gwada alƙaluman.