Kocinmu ya kashe mu da tsoro: mu kai shi wajen darakta ko mu haƙura?

Ɗan Adar:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daga Tawa nike rubutun nan, kwana uku bayan an fitar da ƙungiyar makarantarmu daga gasar ɗalibai, kuma har yanzu tuwo ba ya mini daɗi. Ba zan ambaci makaranta ba, ba zan ambaci koci ba, wanda ya zo fili ran Asabar ya san zancen.

Wasan kusa da na ƙarshe ne. Minti 20 muka zura ɗaya. Yaron da ya ci ɗan shekarar farko ne, siriri kamar karan dawa, amma in ya ɗauki balo ƴan bayansu sai dai su ja masa riga. Sau biyu kuma ya buga ƙarfe kafin hutun rabin lokaci. Ana dawowa sai muka hango shi zaune a benci ya rataya tawul a wuya. Mun zaci ciwo ya ji. Ashe lafiyarsa lau, koci ne ya cire shi ya ƙara ɗan baya na biyar don a tsare gida. Daga nan ba mu sake tsallake tsakiyar fili ba. Minti 80 suka rama da bugun kusurwa, aka je penalti, muka sha kashi 4 da 2. Biyun da suka ɓarar duk ƴan baya ne, ɗayansu da bakinsa ya ce mini tun da aka fara gasar ba a taɓa sa su gwajin penalti ba. Ana fafe gora ranar tafiya?

Da wannan ne karon farko da na yi shiru. Bara ma haka ya yi mana. Atisayensa ƙarfe uku na rana, a watan Afrilu, a garin da zafi ke wuce 40, kuma gudu ne kawai, a zagaye fili sau goma sha biyar, balo sai an kusa tashi. Mataimakinsa kuwa kullum yana gindin bedi da waya a kunne. Mu ƴan kallo mu muka haɗa dala ɗari-ɗari aka sayi ruwa da ƙanƙara, mu muka ari ganga, ni na kasa magana kwana biyu don ihu.

Ƴan fadarmu sun ce mu rubuta takarda, mu tara sa hannu, mu kai wa darakta a canza shi. Takardar na hannuna, mutum 63 sun sa hannu. In miƙa ko kar in miƙa?

Tsohon Gola:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na tsare raga shekara tara a wasannin TGV na hutun damina, tun ana buga wasu ba takalmi, don haka na san zafin da kake ji. Cire yaron nan kuskure ne, ba gardama. Ci ɗaya ba a kwanciya a kansa minti 45. Mai kai hari guda da ke gaba yana riƙe ƴan baya biyu ko uku a gidansu, kana cire shi ka sake su duka su zo su yi maka rubdugu.

Amma kafin ka miƙa takarda bari in tuna maka abin da muka gani da idonmu. Koci Harouna Doula ne ya kai Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, gasar cin kofin Afirka karon farko a tarihi, ta 2012 a Gabon da Gini Ikwatoriya. Rukunin da muka fito akwai Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Wasa uku na gida a filin Seyni Kountché duk muka ci, har da Masar mai riƙe da kofi, ɗaya da nema, Moussa Maazou ya zura. CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ta ba Doula kyautar kocin shekara ta 2011. To da aka je gasar sai aka haɗa shi da Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Gabon na cin mu 2 da nema a wasan farko aka maida Doula gefe, Courbis ya karɓi ragama. Me ya biyo baya? Tunisiya ta ci mu 2 da 1, Maroko ta ci mu ɗaya da nema, muka dawo gida ba maki ko guda. Makinmu na farko sai 2013 a hannun Gernot Rohr, canjaras ba ci da Kwango Kinshasa.

Tambayata gare ka: in darakta ya ce to, na cire shi, wa kuka tanada? Akwai suna a takardar taku?

Yayar Mai Lamba Tara:

Baba Tsohon Gola, da girmanka, amma zancen Doula daban. Shi ya ci wasanni kafin a taɓa shi, wannan me ya ci? Yaron da ake magana ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na saya masa takalmin balo jaka goma sha biyu da kuɗin adashina. Ran wasan bai ci abincin dare ba, ya shige ɗaki ya rufe. Abin da ya fi ƙona masa rai ba cirewar ba ce, a'a, ko kallonsa kocin bai yi ba, balle ya ce masa ga dalili. Kuma kowa ya san wanda aka sa a madadinsa ɗan unguwar su koci ne, tare suke shan shayi. Ni dai in an kawo takardar har gida zan sa hannu, ko da ba ɗaliba ba ce ni.

Mai Shayin Bakin Fili:

Ku yi haƙuri in sa baki, tebur ɗina na kallon filin nan shekara shida. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Atisayen ƙarfe uku da Ɗan Adar ke kuka da shi ba zaɓin koci ba ne, daga la'asar manyan unguwa ke karɓe filin, makaranta ba ta da nata. Gudun da yake sa su kuwa, balo biyu gare su, ɗaya ma tana sacewa, ni nike ara musu famfo. Mutum ashirin da balo ɗaya me za ka koya musu?

Kuma malamin wasanni ne, ba wanda ke ƙara masa ko dala kan aikin koci. Da babur ɗinsa yake ɗaukar wanda ya ji ciwo zuwa likita. Satin wasan ma mutum bakwai ne suka zo atisaye ran Laraba, sauran suna wajen kallon Real Madrid. Wannan ba ya cikin takardarku ko?

Zancen mataimaki dai gaskiya ne. Yana cin bashina na shayi tun kafin azumi.

Ɗan Yamai:

Ni abin da ya tsaya mini a rai daga labarin Tsohon Gola shi ne ɓangaren Afirka ta Kudu. Ran ƙarshe na neman gurbin, Oktoban 2011, Masar ta lallasa mu 3 da nema a Alƙahira. Kocin Afirka ta Kudu Pitso Mosimane ya ɗauka bambancin ƙwallaye za a duba, sai ya sa yaransa suka lallaɓa canjaras da Saliyo, aka tashi suna rawa a fili. Ashe doka sakamakon karawa tsakanin masu maki ɗaya take dubawa, mu uku muna da maki tara-tara, Nijar ta wuce. Tsare gidan da kocinku ya yi ke nan, sai dai nasa a gaban duniya. Mutumin nan daga baya ya ɗauki kofin zakarun Afirka da Mamelodi Sundowns a 2016, ya ƙara biyu da Al Ahly.

Ban ce naku zai zama Mosimane ba fa, kar a ce na ce. Amma a cikin ku 63, akwai wanda ya tare shi ya tambaye shi me ya sa ya cire yaron?

Ɗan Adar:

Na gode duka. Yaya, Allah ya huci zuciyarki, ki ce wa ƙanenmu ya fito, fada na cigiyarsa. Tsohon Gola ka kama ni, ba mu da sunan kowa. Ɗan Yamai kuma, a'a, ba wanda ya tambaye shi, zagi kawai muka yi daga bayan igiya, har da ni.

Ban janye ba dai. Tsoro ne ya sa shi yin canjin nan, kuma sau biyu ke nan. Takardar na nan cikin jakata ban yaga ba. Mun yanke mu uku za mu same shi ran Alhamis bayan sallar la'asar, tare da kyaftin, mu ji ta bakinsa kan cirewar da kan penalti. Ragowar kuɗin ƙanƙara jaka huɗu ne a hannuna. Mai Shayi, nawa balo mai ɗan dama take yanzu a babbar kasuwa?