Wai hadda tana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa?

Issoufou: Ni dai na tsaya kan magana ta, yaron da ya yi hadda a makarantar allo in ya shigo lakol sai ya tsere ma sauran, har a lissahi. Ina ganinsu a ajina nan Tawa.

Hadiza: Mushe ganin ido ba bincike ba ne. Wataƙila gidan da suka tsare yaro ya sauke su ne kuma ke tsare shi ya yi dabuwar da dare, to ka ga ba haddar ba ce, tarbiyya ce.

Issoufou: To direbobin taksi na Landan hwa? A 2000 wata mai bincike, Eleanor Maguire, ta sa su a na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ta tarar wajen da ke riƙe hanyoyi a ƙwaƙwalwarsu ya hi na sauran mutane girma sabili da haddace tituna.

Dr Rabi: Gaskiya ne amma ka ƙarasa labarin. A 2006 ta gwada su da direbobin bas, a wajen riƙe sabon zane 'yan taksin ne a baya. Abin da ka horar shi ke ƙarfi, ba ƙwaƙwalwa duka ba.

Alhaji Sani: Likita ta yi magana, a bar ma likitoci abinsu kawai

Dr Rabi: A'a Alhaji mu kaɗai ba mu iyawa wallahi. Hoto zan iya karantawa, amma wa zai tsara gwajin da Hausa ko Zabarmanci in ba masanin harshe ba, wa ya san yadda ake tilawa da wanke allo in ba alaramma ba, ga masu ilimin halayyar ɗan Adam, ga 'yan lissahi da za su tace sakamakon. Shi kansa fannin nazarin tunani da ƙwaƙwalwa haka ya taso a Amurka wajen 1956, Miller na halayya, Chomsky na harshe, da masu kwamfuta.

Hadiza: Kuma abin da ke ci mani rai, wani nazari na 2010 ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu daga ƙasashen da ke da kashi 12 na jama'ar duniya suke. Sai a auna ɗan jami'a a Amurka a ce haka ɗan Adam yake!

Issoufou: To ku na Jami'ar Abdou Moumouni ku ƙetaro, ga yara nan.

Hadiza: Ba sai da MRI ba ma. A ɗauki aji biyu, masu hadda da marasa, gidajensu kusan ɗaya, a gwada su farkon shekara da ƙarshenta. Amma Mushe ba kai za ka zaɓi yaran ba.